Bebiyar Titin Beirut

Zinatu ta shigo da ita a rungume,
ta ce, "Hoto na motsi, baki na motsi, murya babu."
Na ja kujera. Titin Beirut na tafasa a waje,
janareton maƙwabci na tari,
ni ina farautar sauti guda.

Na fara da abin da ake jin kunyar tambaya:
ko an kashe ƙara ne? A'a.
Na zare wayar lasifika daga jan rami, na kai ta kore.
Shiru.
Na sauke direba, na ɗora sabo,
na kashe, na kunna,
na yi wa allo kallon mai bin bashi.
Sandar sauti na hawa tana sauka,
ana ta zance a ciki, da mu ne ba a yi.

Sai la'asar na gano ta.
Tun daren da ƙanenta ya jona ta da talbijin don ƙwallo
take aika murya can,
gidan da aka daɗe da tashi.
Ashe ba bebiya ba ce, ɓatan kai ta yi.
Danna ɗaya, na juyo da ita.

Tari ya fara fitowa, sai muryar dattijo:
"Zinatu, abin nan yana ɗauka kuwa?"
Ta dafe teburina.
Ta ce, "Yana ɗauka, Baffa."
Shekara biyu ke nan da kai shi Ɗandolo.

Ban rage ƙara ba.
Kuɗin aiki ma sai da ta tuna min.