Layi na Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Potosí.
Sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa, ya kama ni a gwiwa.
Shayin ya huce tun ɗazu,
ni kuwa ina ta yankan kalmomi.
Mujalla ta ce taƙaitawa kada ta wuce ɗari biyu da hamsin,
wai in cusa aikin shekara shida a ciki
kamar mai cusa bargo a aljihu.

Mutum ɗari da sha tara muka auna.
Kowa ya hura bututu har idonsa ya kawo ruwa.
Ƙurar dutsen azurfa ta yi gida a huhunsu,
in ka ɗaga hoton ƙirji ga haske
sai ka ce gero aka watsa a kan baƙin zane.

Mai bita na farko ya ce madalla, a gyara waƙafi.
Na biyu, wanda ban san sunansa ba, shi ma bai san nawa ba,
shafi uku ya aiko:
adadin ya yi kaɗan,
Turancin yana ɗingishi,
kuma ina mutum bakwai da suka zube daga lissafi?

Ina suke?
Shida sun bi motar dare zuwa Oruro da Ajantina,
neman abin kaiwa baki.
Na bakwai shi ne layi na arba'in da ɗaya:
namiji, shekara talatin da takwas, sha tara a cikin rami.
Crisanto Huallpa.
Yakan ajiye hularsa mai fitila a kan teburina
kamar wanda ya kawo tsaraba,
ya ce, Dakta Zenobia, yau sai na fasa miki na'urar nan.
Ya hura, ya hura,
allura ta ɗan motsa don kunya, ta koma.

Na san inda yake.
Maƙabartar bayan tasha, bangon gabas, jeri na uku.
Furen roba Eulogia ke kai masa,
na gaske ba ya kwana a wannan sanyi.

Takarda ba ta ɗaukar wannan.
Ni da hannuna na sa hannu cewa zan ɓoye sunaye,
kuma daidai ne.
Sai na rubuta: mutum ɗaya ya rasu kafin awo na huɗu.
Kalma takwas. Na ƙirga.

Ga mai bita na biyu kuwa:
muna godiya da wannan tsokaci mai amfani.
Na sake jadawali, na sake lissafi,
na cire "babu shakka", na sa "akwai alamun",
domin iyakar abin da lambobi suka yarda in faɗa ke nan,
ko da zuciyata ta fi su sani.
Kuɗin bugawa albashina ne na wata huɗu.
Na haɗa da wasiƙar neman rangwame,
ita ma sau uku na gyara ta.

Ƙarfe biyar na danna, ta tafi.

A waje motar ma'adinai ta fara hawan dutse,
maza a tsaye, kumatu cike da ganyen koka.
Can baya ga Wilmer, ɗan shekara sha bakwai,
hular ta yi masa yawa,
yana riƙe da ita da hannu ɗaya.