Daƙiƙa Goma Sha Biyu

Ni ne Tanimu mai gyaran keke,
rumfata na gindin dalbejiya a Kawo.
Shekara arba'in da ɗoriya ina faci,
ina ɗaure birki, ina shafa wa sarƙa baƙin mai.
Kullum jiragen Mando sai sun bi ta kaina,
ruwan bahon da nake neman huji a ciki ya yi ta rawa.
Ban taɓa ɗaga kai ba.
Abin da tsani bai kai gare shi ba, na ce,
ina ruwan mai faci da shi? Ya zauna can sama.

Rannan Kuluwa jikata ta taso daga makaranta,
ta zauna kan tsohuwar taya, ta buɗe littafi.
Ta ce, Kaka, tun tale-tale ɗan Adam ke ƙyashin shirwa.
Wani ya ɗinka fukafukai da gashin tsuntsu,
ya hau hasumiya ya daka tsalle,
aka kwashe shi kamar tulun da ya suɓuce.
Wasu suka cika ƙatuwar jaka da hayaƙi,
suka sa tunkiya da agwagwa da zakara a kwando,
wai a ga ko mai rai zai iya numfashi a can.
Na ce, ashe zakara ya riga masu ilimi lekawa,
shi ya sa har gobe yake tafiya da taƙama.

Ta ce, tsaya, ba ka ji komai ba.
Wa da ƙane ne, can bayan teku,
suka fara tashi da inji.
Ka san sana'arsu? Na ce, manyan gwamnati.
Ta yi dariya har littafin ya zame.
Keke suke gyarawa, Kaka, kamar kai.
Sarƙa irin wannan ce ta juya musu farfela,
sauran katako ne da yadi da waya.
Daƙiƙa goma sha biyu suka yi a iska,
tazarar ba ta kai nan da bakin tasha ba,
sai suka dira kan rairayi.
Sifana ta faɗi daga hannuna,
na bar ta nan, ban ko nema.

Sauran labarin na san rabinsa.
Kakana shekara bakwai ya yi a hanyar Makka,
ya tafi da baƙin gemu, ya dawo da furfura.
Bara maƙwabcina Alhaji Barau ya yi asuba a Kaduna,
la'asar ta same shi a Jidda.
Na kuma san ƙanena Ilu da ya tafi yaƙi,
ya dawo ba ya son jin ƙugi ko na babur,
in jirgi ya wuce sai ya shige ƙarƙashin benci.
Fiffike ɗaya ne, ya kai wani Ka'aba,
ya bar wani da kyarma.

Daren nan barci ya ƙi.
Kafin assalatu na jawo tsohon kekena,
na tura shi har ƙololuwar gadar Kawo,
gwiwa na ƙara, ƙirji na fito.
Babu mota, sai wani kare da fitilun titi.
Na hau, na ɗauke ƙafa daga feda,
gangara ta karɓe ni.
Sai na saki hannu, ni mai shekara sittin da takwas,
na buɗe su, iska ta cika mini riga,
hulata ta tafi abinta.
Ɗaya, biyu, uku, ina ƙirgawa da ƙarfi,
a tara kan keken ya fara rawa,
a sha ɗaya na ambaci Allah,
a sha biyu na kama.

Da safe Kuluwa ta ce, Kaka, ina hularka?
Na ce, tana wajen 'yan'uwana masu sana'a.
Jirgin Mando ya taso, ruwan baho ya girgiza,
na ajiye tayar mutane,
na bi shi da ido har ya shige gajimare,
ina sauraron ko sarƙarsa na son mai.