Layin Gamba

Na sayar da gingimari biyu da filina na Zariya,
na sayi abin da Tsahara ke kira fara mai tsada.
Kujera biyu gare shi, farfela ɗaya a hanci,
da faci a fiffiken hagu da ba na son a taɓa.
Wani likitan ido ya bar mini shi da zai koma gida,
har da littafinsa mai dabbaren baƙin mai.

Lahadi, tun rana ba ta yi ƙarfi ba,
Jariri ya riga ni filin jirgi.
Muka tsiyayi mai a kwalba, muka ɗaga ta ga haske:
ɗigon ruwa ɗaya ya kwanta a gindi, an fasa tashi.
Babu.
Na zura hannu ƙarƙashin murfin inji
na fito da ciyawa. Gwara ta sake gini,
kwana shida kacal da na rushe mata.
Jariri ya kore jajayen awaki da suka ratso waya,
ya shuri taya, ya ce, "Saura na Allah."

Yau da baƙo nake. Nomau, ɗan baffana.
Shekara goma sha ɗaya ba mu haɗa akushi ba
a kan layin gamba, taku huɗu,
tsakanin gonarsa da tawa a bayan Jiratawa.
Mai gari ya gaji da mu. Alƙali ya mutu ya bar mu.
Shi ya aiko da kansa, wai yana son ya gani
daga inda ba a tura iyaka da dare.

Na ɗaure shi da ɗamara, na toshe masa kunne.
Hasumiya ta faɗa mini iska, ta ba ni hanya.
Na tura mai.
Kwalta ta yi ta gudu a ƙarƙashinmu
har ta gaji ta sake mu.

Nomau ya kama gwiwata kamar zai cire.
Duk addu'ar da ya iya ta fito a haɗe,
har da ta shiga kasuwa.
Ga kasuwar kuwa, an shanya rumfuna kamar barkono.
Gulbi babu ruwa, rawani ne aka warware aka manta,
lambuna sun yi masa kore a gefe.
Tireloli sun jeru hanyar Ɗan Isa,
carbi ne da ba mai ja.
Can kudu tafkin Madarunfa ya harbo mana rana a ido.

Na karkata fiffike bisa Jiratawa.
Shi ya fara gane gawon kakanmu,
ya nuna da baki, hannu bai yarda ya saki ba.
Zagaye ɗaya. Biyu.
"Ƙara yin ƙasa."
Na yi ƙasa iyakar abin da doka da tsorona suka yarda.
Uku.
Rairayi ne kawai, launi guda, da sawun amalanke
da ya ratsa tasa ya ratsa tawa bai yi sallama ba.
Inuwarmu ta haye gonakin biyu
kafin in gama sauke numfashi.

Iskar hantsi ta fara sukuwa da mu, na juya gida.
Saukar ba ta yi kyau ba.
Sau biyu muka yi tsalle, na hango Jariri ya dafe kai.
Nomau ya cire hularsa ya mayar da kunun safe a ciki.

Da ya samu bakinsa, ya tambayi mai nawa muka ƙone.
Na ce lita goma sha takwas.
Ya lissafa da buhun aya, ya girgiza kai,
ya ce Tsahara ta yi mini sauƙin suna.
Sannan, yana kallon hular,
"Gambar tawa ce dai."
Na ce na ji.
"Rani ne ya sa. In damina ta zauna ta yi tsawo,
ka maido ni, za ta fito."

Na buɗe littafin likita, ƙarƙashin rubutunsa na sa nawa:
minti arba'in da bakwai, fasinja ɗaya.
Gwara na bisa waya da ciyawa a baki,
tana jiran inji ya huce.