Da Iska Ta Yi Yaji

Mun bar Mitsio ranar Talata da hantsi,
ni da kawuna Jaotombo
da baƙi uku da suka biya kuɗin mako guda
don su ga tsibirai, kunnuwansu su huta.
Buhun shinkafa, jarka shida ta ruwa,
da kaza ɗaure da ƙafa, ba ta san ranarta ba.

Iskar gabas ta cika zanen jirgi
har ya yi tulu kamar cikin wata tara.
Facin da Soanaly ta ɗinka bara da buhun sukari
yana nan a kusurwa, rubutunsa a kife,
yana tallata wa sama abin da ba ta sha.

Ruwan nan, in ka leƙa,
sai ka ƙirga yatsun murjani ɗaya bayan ɗaya,
ka ga inuwarmu tana rarrafe bisa yashi.
Kififiya ta ɗago, ta ja numfashi
irin na tsohuwar da ta hau tudu,
ta dube mu, ba ta ga abin kallo ba, ta koma.

Azahar ta gota. Iskar yamma ba ta zo ba.
Kullum takan zo, ba a aika mata.
Zane ya saki jiki, ya rataye kamar shanya.
Na ja igiyar inji: tari biyu ya yi,
ya ce ga garinku nan.

Kwana biyu teku ta zama faranti.
Baƙon mai babban agogo yana duba shi,
sai ka ce allurar ce za ta tura mu.
Matarsa ta zana gajimare har takarda ta ƙare.
Na ukun bai ce uffan ba,
ya koyi fere kwakwa, ya yanke babban yatsa,
ya yi dariyar farko tun hawansa jirgi.
Hutu suka saya, ga shi an auna musu har da gyara.

Jarka shida ta koma biyu.
Na wasa wuƙa. Kaza ta yi ƙwai.
Kawu ya ce a bar ta, ta biya kuɗin jirginta.

Shi kam yana ta rufe masa ido tun shekaru huɗu.
Ni ne idonsa, haka nake faɗa a kasuwa,
da ɗan ɗaga kafaɗa.
Daren na biyu hadari ya haɗiye taurari,
waya ta mutu, ido ya zama kayan ado.
Ruwa ya kwashe mu zuwa inda ban sani ba.

Can cikin sulusin dare ya miƙe zaune,
ya juya fuska a hankali, hanci a sama.
"Tsiry, kwance igiyar hagu."
Na ce, Kawu, ko gashin kaza ba ya motsi.
"Kwance. Furen ilang-ilang ne,
da hayaƙin masu dafa turare.
Ƙamshi ba ya tafiya da ƙafarsa,
wani ne ya goyo shi."

Ban gama kwancewa ba zane ya yi ajiyar zuciya,
katako ya yi ƙara, ruwa ya soma gulma a gefen jirgi.

Asuba ta same mu a gaban Nosy Be.
Na jefa anga, ta kama.
Mai agogo ya buɗe taswira, yana so in nuna masa
wurin da muka kwana biyu.
Na ɗora yatsa kan shuɗi tsantsa.
Ya daɗe yana kallo, ya naɗe ta.

Yanzu in dare ya raba nakan hau gaban jirgi,
in rufe ido da gangan, in shaƙa.
Gishiri nake ji, da man inji, da jiƙaƙƙiyar igiya.
Kawu, daga inda yake kwance, yakan ce:
"Kana shaƙa kamar mai bin bashi.
Sassauta."