Tabon da ke Cikin Rijiya

Shekara talatin ina haƙar rijiya a Kwoi,
ban san littafi nake tonawa ba
sai da Kyauta 'yar Maigamo ta dawo daga Samaru
da 'yar guduma da igiyar awo,
ta ce, Baba, mu shiga.

Gaba bakwai muka sauka.
Jar ƙasa, sai marmara, sai yashi mai sanyi,
kowanne kwance kan ɗan'uwansa
kamar tabarmin da aka jera bayan suna.
Ta haska tocila:
layin baƙin yumɓu ya taho sumul,
ya katse,
ya ci gaba taƙi ɗaya a ƙasa.

Na sha ganinsa, ban taɓa tanka masa ba.
Ta ce, nan ƙasa ta taɓa motsawa
tun kakan kakanka bai yi haƙori ba.
Ta kankare ɗan gawayi ta ƙulle a leda,
wai shi zai faɗi shekarun.

Na tuna daren da kwanuka suka yi kiɗa ba makaɗi,
awaki suka tumɓuke turke,
muka kwana a filin makaranta.

Na ce, to yaushe za ta sake?
Ta yi shiru har na ji ɗigar ruwa.
Ta ce, rana kam sai Allah,
amma ƙafar da ta taɓa gocewa
ita ake lallaɓawa a kan santsi.
Kar ku ɗora bene a kan layin nan.

Yanzu kafin in zura guga
nakan leƙa fuskar ruwan tukuna,
ko tana rawa.