Kuɗin Hayar Tedaldo

Ya zo mana a watan tsinkar zaitun,
takalmi ɗaya lafiyayye, ɗaya ɗaure da igiya.
An ce birninsu ya rabu gida biyu,
waɗanda suka yi rinjaye suka cinna wa ɗakinsa wuta,
suka kafa sunansa a ƙofar gari:
in ya dawo, a rataye.

Babana Bonakorso ba ya son baƙo mai zance.
Ya ce, “Da me za ka biya?”
Tedaldo ya zazzage jakarsa,
sai ƙusa guda da ɓawon cuku.
Ya ce, “Baiti ɗaya kowace safiya.”
Babana ya yi tsaki. “Jakina ba ya cin baiti.”
Duk da haka ya nuna masa lungun bayan dutsen matsa,
inda jakin ke kwana.

Ni Gisola, shekarata tara,
ni ke kai masa burodi da romon wake.
Takarda ta yi tsada a tsaunukan Gubbiyo,
don haka da ƙusar nan yake rubutu
a jikin duk abin da ya tsaya cik.

A kan gungumen matsa ya karta:
“Zaitun bai san yana da mai ba
sai da dutse ya hau kansa.”

A bakin rijiya:
“Gugan da ya sauka fanko bai yi abin kunya ba,
kunya ta wanda ya hau fanko ce.”

Ranar da ya taɓa ma'aunin babana aka yi rigima.
“Ma'auni harshe ɗaya gare shi,
mai shi ne ke da biyu.”
Babana ya kankare rubutun da wuƙa,
ya hana shi abinci kwana biyu.
A dare na uku na ga fitila a rumbu,
na ga babana durƙushe
yana ɓamɓare dalmar da ya manna ƙarƙashin faranti.
Ba wanda ya ta da maganar, har ya mutu.

Kada ku ɗauka waliyyi ne.
In ya sha ruwan inabi ya ƙoshi
yakan jera sunayen maƙiyansa,
ya tsine musu ɗaya bayan ɗaya, har da karnukansu.
Gari na wayewa sai ya rubuta a ƙyauren ƙofa:
“Mai riƙo yana ɗauke da maƙiyinsa a wuya,
kuma shi ke ciyar da shi.”
Na ce, “Ai jiya na ji ka.”
Ya daɗe yana kallon ƙusar.
Ya ce, “Yarinya, ba wanda nake ba ne ke rubutu.
Wanda nake bin sawunsa ne,
ya riga ni nisa, ƙafata kuma ciwo.”

Da ƙanƙara ta narke a kan duwatsu
muka tashi babu shi.
Wani ya ce ya gan shi a hanyar Ankona,
wani ya ce a ramin da ke gefenta.
A ginshiƙin tsakiya ya bar rabin layi:
“Idan mutum ya rasa garinsu, to,”
sai ƙusar, a kafe, inda kalma za ta biyo.

Yau shekara sittin.
Annoba ta kwashe rabin ƙauyen nan,
hayaƙi ya cinye rubutun ƙyaure,
igiya ta goge na bakin rijiya.
Jikana Ubaldino, da ya yi karatu wurin limaman coci,
kullum yana so ya ƙarasa layin.
Ya kawo mini ƙarshe har guda bakwai,
duk masu daɗi.
Na ce ya bar shi.

A kan ƙusar nake rataye fitila
in za mu matsa mai da dare.