Littafin Mai Famfo

Mushe Lawali ya ɗaga hoton ƙashina ga hasken taga,
ya ce, "Mato, wannan tsagar ta girmi ɗanka na fari."
Ban musa ba.
Shekara goma sha ɗaya ke nan da na faɗo daga amalanke
a hanyar Mirya, buhun gero ya biyo ni.
Tun ran nan bayana ke yi mini albishirin damina
kafin hadari ya haɗu a gabas.

Amma da wannan bayan na tura kura,
jarka goma, daga Garin Malam har cikin Birni,
ina ratsa duwatsu, ina kiran ga ruwa.
Da shi na yi ruku'u.
Da shi na ɗauki makarar babana, ban nemi canji ba.

Sai ranar Alhamis, bakin Kasuwar Dole,
farar mota ta taho da baya, direba na waya.
Jarkoki suka fashe, ruwa ya bi kwalta.
Garinmu ka san shi da ƙishi:
sai da aka yi salatin ruwan kafin a gan ni a ƙasa.

Ya ce, "Kamfani na biyan abin da mota ta ɓata,
ba abin da ta iske a ɓace ba."
Na ce, Mushe, ƙwaryar matata ɗinki uku gare ta,
shekara bakwai ana dama fura ciki, ba ta ɗiga.
In akuyarka ta taka ta, ta rabe biyu,
sai ka ce ai da ma da ɗinki?
Ya murmusa.
Ya ce ƙwarya ba ta shiga dosiye.

Na koma wajen likita.
Ya ce ƙashi ba ya rubuta kwanan wata,
a kawo takardar asibiti ta wancan karon.
Gara ta cinye ta tun da daɗewa,
ta bar mini rabin hatimi da sunan uwata.
Liman ya ce zai rantse bara a tsaye nake salla.
Aka ce liman ba ma'aikacin lafiya ba ne.

Barira mai famfo ce ta zo da la'asar,
da littafin lakwal na jikarta, bangonsa ya sha maiƙo.
Ba ta iya boko ba, sanda take ja:
kowace kura, sanda guda.
Litinin, Mato, bakwai.
Talata bakwai. Laraba takwas, an yi biki a Zango.
Wata da watanni haka, kamar shingen kara.
Alhamis, uku.
Daga nan takarda fara fat.

Ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya sake juyawa.
Ya daɗe a kan farin wurin.
Ya buga hatimi a kofi, ya ce in dawo bayan Salla,
magana tana Yamai.

Yanzu a zaune nake gaida Ubangiji.
Kurar tana hannun yaron maƙwabta, rabi nasa.
Barira kuwa kullum da asuba
sai ta sa jikarta ta rubuta sunana a kan shafi,
ta bar gabansa wayam.
Na ce ta daina ɓata takarda.
Ta ce wannan ma ƙidaya ce.